Inabin Faransa da ake ajiye ruwansa shekaru, zai yi a gonata ta Kudan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da 'yar gonar inabi a wajen Hunƙuyi, ƙaramar hukumar Kudan, shekara uku kenan. Na ga bidiyo a waya na gonakin inabi a Faransa wai oganik ne, kuma jar giyar da suke yi da shi sai a ajiye ta shekara 20 tana ƙara tsada. Ni ba giya zan yi ba, Allah ya kiyaye, so nake in san wane irin inabi ne in samo in dasa, kuma ni ma in daina feshi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa gona albarka. Gara da ka tambaya kafin ka kashe kuɗinka, don irin da ka gani ɗin nan ba na ci ba ne, in ka kai shi Kasuwar Barci ko Kawo ba mai waiwayarka.

Wanda ya fi suna shi ne na yankin Bordo, kuma ba iri ɗaya suke matsewa ba, haɗawa suke yi. Manyan su ne Cabernet Sauvignon da Merlot, sai Cabernet Franc, wasu su ɗan zuba Petit Verdot kaɗan. Cabernet Sauvignon 'ya'yansa ƙanana ne, bawo mai kauri, ga ƙwallo a ciki, in ka tauna zaƙi ne sosai don sukarinsa kan kai wajen kashi 23 zuwa 25 cikin ɗari, amma daga baya sai bakinka ya ɗaure da bauri. To wannan baurin shi ne sirrin ajiyar. Sinadarin tanin ne, dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jiƙa fata da ita don kar ta ruɓe. Shi da tsamin inabin ne ke riƙe ruwan ya yi shekaru bai lalace ba, bayan an fara zuba shi a gangar katako mai cin lita 225, sannan a kwalba a kwantar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin digiri 12 zuwa 14. Ka tuna yadda Zariya take da zafi a watan Afrilu. Mai sayen inabi a wurinmu kuma babba yake nema, mai siririn bawo, mai ruwa, wanda yara za su ci ba tofar da komai. Don haka ka bar maganar wannan irin.

Amma dalilin haɗawar, wannan kam ka riƙe shi da kyau. Merlot yana riga Cabernet nuna da kamar mako ɗaya zuwa biyu, kuma yana son ƙasa mai laka, shi kuwa Cabernet ya fi son mai tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya. In ruwan sama ya ɓata ɗaya a shekara, ɗayan ya fitar da mai gona. Daidai yake da abin da iyayenmu ke yi na haɗa gero da dawa da wake. Na sha shiga gonar da duk iri ɗaya ne, ya nuna a mako guda, kowa ma nasa ya nuna, 'yan sari su zo su yi farashin da suka ga dama don sun san ba firij, kwana kaɗan zai fara zubewa. In kana da iri biyu na ci, mai saurin nuna da mai jinkiri, ko ka raba ranakun datse reshe tsakanin layuka, ka ga girbin ya miƙe ka samu numfashi.

Maganar feshi kuwa, a nan ne nake jin tsoro a kanka wallahi. Oganik ba ya nufin an bar feshi. Abin da suka bari shi ne takin zamani da maganin ciyawa da magungunan ƙwari na kamfani, amma suna feshin farar wuta da kuma ruwan jan ƙarfe haɗe da farar ƙasa, wani lokaci ma sun fi mai noman zamani yawan zagayawa da famfo don ruwan sama na wanke shi. Wannan haɗin a Bordo ɗin aka gano shi, wani masani Millardet ya lura a 1882 cewa inabin bakin hanya da ake shafa wa shuɗin ruwan don tsorata masu tsinka, shi kaɗai ne cutar ganye ba ta kayar ba. Har yau shi ne makaminsu, sai dai Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 na jan ƙarfe a hekta cikin shekara 7 saboda yana taruwa a ƙasa. Kuma sai gona ta yi shekara 3 a kan tsarin kafin a ba ta takardar shaidar oganik.

Cutar nan damina take so, mu kuma daga Yuli zuwa Satumba ganye ba ya bushewa. Ka juya ganyenka da safe ka duba, in ka ga tabo rawaya a sama kamar an ɗiga mai, a ƙasa kuma fari-fari kamar gari, ita ce. Wanda ya ajiye famfo a wannan lokacin ganyensa zai zube, itacen ya shiga rani ba ƙarfi, ko ka datse bayan damina 'ya'yan ba za su yi abin kirki ba.

Abin da za ka iya ɗauka tun bana shi ne gyaran ƙasa da rumfa. Kashin shanu ko na kaji da ya ruɓe sosai, ba ɗanye ba don ɗanye na ƙona saiwa, wake ko gyaɗa tsakanin layuka, ka rage ganyen da ya cunkushe iska ta riƙa ratsawa, ruwan 'ya'yan darbejiya don ƙananan ƙwari, raga kuma saboda tsuntsaye in ya fara nuna. Ka ware layi biyu kacal ka gwada wannan tsarin a kansu, ka riƙa rubuta ranar da ka yi feshi da abin da ka zuba, in an yi girbi ka auna kilon su daban da sauran. In ka ga tabon da ba ka gane ba, tsinko ganyen ka sa a leda ka kai cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ba nisa daga wurinku.