Ƙanena, a nan fasfo ake tambaya kafin digiri

Saƙonka ya iso tun ranar Talata, muryar nan taka ta minti bakwai da hoton takardar gama bautar ƙasa. Allah ya sanya albarka. Kai ne na huɗu a watan nan da ya yi min wannan tambaya, shi ya sa na ce bari in rubuta a fili kowa ya ɗauki rabonsa, don na gaji da maimaita magana ɗaya a cikin metrobus, doguwar bas ɗin nan ta Istanbul, hannu ɗaya a ƙarfe ɗaya a waya. Ka ce kana da digiri a Turanci, ka ga talla a Facebook ana ba da takardar koyar da Turanci ta intanet cikin kwana uku, sannan wani ejan ya ce ka shigo Turkiyya da bizar yawon buɗe ido, in ka sauka "Yayanka zai san yadda za a yi". To, Yayan naka ni ne, kuma wallahi ban san yadda za a yi ba.

A 2017 na zo Istanbul karatun digiri na biyu. Da guzuri ya fara ja da baya sai na kwashi takarduna na shiga zagayen makarantun koyon harshe, irin waɗanda suka cika Kadıköy da Beşiktaş, ka hau bene ka same su a saman shagon waya ko na mai gasa nama. Wata ta kira ni ganawa. Na shiga ofis, matar ta ɗago ta dube ni, ta dubi takardar, ta sake dubana. Aka kawo shayi a ɗan kofin gilashin nan nasu mai siririn ƙugu. Ba ta tambaye ni ko na taɓa tsayawa gaban allo ba, cewa ta yi fasfon wace ƙasa nake riƙe da shi. Na ce Najeriya. Ta ce ɗalibansu kuɗin "netif" suke biya, wato malamin da Turanci harshen uwarsa ne. Can sai ta rage murya ta ce in zan yarda in riƙa cewa daga Amurka nake, akwai aji biyu da yamma, amma kuɗin sa'a ba zai kai na wani saurayi ɗan Ingila da ke wurin ba, wanda daga baya ya faɗa min da bakinsa cewa a gida kofi yake haɗawa a shago.

Na karɓa, ba zan ɓoye maka ba, yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce. Wata biyu ina ɗan Chicago, garin da ko a mafarki ban taɓa takawa ba. Ran nan ina baranda lokacin hutu Inna ta kira, ina "ina wuni, ya jikin Baba, an sha maganin?" ashe wani ɗalibina, dattijo mai gyaran lif, yana bayana yana shan taba. Da muka koma aji ya ce, malam, wannan wane yare ne na Chicago? Na ajiye alƙalamin allo na ce Hausa ce, kuma ni Bakatsine ne. Ajin ya fashe da dariya, babu wanda ya tashi ya fita, har wata ta ce da ma ta yi mamakin Ba'amurken da yake sanin lokacin la'asar ba tare da ya duba agogo ba. Mai makarantar ce ba ta yi dariya ba. Aka janye min aji ɗaya, kuɗin watan ƙarshe kuwa har yau suna wurinta. Ba ni da izinin aiki a lokacin, wa zan kai wa ƙara?

Kalmar nan "netif" da za ka yi ta gani a tallan aiki, kada ka ɗauka tana nufin wanda ya iya harshen. Jerin ƙasashe ne. Koriya ta Kudu ma a ƙa'idar bizarta ta malaman harshe, wadda ake kira E-2, ta jera su: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Bakwai. Najeriya ba ta ciki, Ghana ba ta ciki, Kenya ba ta ciki, duk da cewa da Turanci muka yi firamare, da shi muka rubuta WAEC, da shi alƙali yake yanke mana hukunci. Mu ne ma ake sa mu biya kuɗi mu rubuta IELTS don mu tabbatar mun iya, bayan shekara biyu a ce sakamakon ya tsufa, kamar harshe madara ce da ke lalacewa. Ka yi fushinka a gida ka gama kafin ka hau jirgi. Ni nawa a nan na yi shi, kuma bai biya min haya ko sau ɗaya ba.

Zancen koyar da yaran Sin ta intanet da abokinka ya kawo maka, labarinsa ya kwana. A Yulin 2021 gwamnatin Sin ta taka wa kamfanonin darasin bayan makaranta burki, aka hana malaman da ke wajen ƙasar koyar da yaran, wannan kasuwa ta rushe kusan dare ɗaya. Shafukan da suka rage suna nan, amma layin malamai ya fi na ɗalibai tsawo, kuma ɗalibin da aka ɗauke maka wuta yana tsakiyar magana ba ya dawowa.

Takardar kwana ukun nan kuwa, ka bar kuɗinka a aljihu. Duk wanda ke ɗaukar malamai da gaske ya san ta, kallo ɗaya yake mata ya ture. Wadda take buɗe ƙofa ita ce CELTA ta Cambridge, ko takwararta CertTESOL ta Trinity. Ni CELTA na yi, a nan Istanbul, da kuɗin da na tara na wata da watanni ina cin burodi da ƙwai. Sa'a 120 ce, in ka ɗauki mai zafin mako huɗu. Kafin a karɓe ka sai an gwada Turancinka an yi hira da kai. A ciki akwai rubuce-rubuce huɗu, sannan sa'a shida kana koyar da ɗalibai na gaske, mai horarwa yana zaune a bayan aji yana rubuta duk motsinka, abokan kwas ɗinka ma suna rubutawa. Yanzu ana iya yin ta ta intanet, amma ka tabbatar cibiyar tana cikin jerin da Cambridge ta amince da su.

Darasina na farko na shiga da taƙama, ni da na koyar shekara biyu a sakandare a gida. Na cika allo da ƙa'idoji, na yi bayani tiryan-tiryan kamar mai huɗuba, kowane minti biyar in ce "kun gane?" su gyaɗa kai. Na fito ina jiran yabo. Mai horarwar ta juyo min da takardarta, ta ja dogon layi ta raba shi: wurin da ni nake magana ya cinye kusan duka, na ɗalibai ɗan guntu ne a ƙarshe. Ta ce su wa suka biya kuɗi don su yi magana da Turanci, kai ko su? Sannan ta hana ni tambayar "kun gane?" kwata-kwata, don babu baligin da zai ce bai gane ba a gaban mutane. In ka koyar da "I used to smoke", tambaya za ka yi, yanzu yana shan tabar? Da can fa? Amsar ita za ta nuna maka ko ya shiga. Mu da muka tashi malam yana rubuta darasi a allo muna kwafa, wanda ya yi motsi ya sha bulala, koyon yin shiru a ajinka ya fi koyon kowace ƙa'ida wuya.

Sai kuma abin da ba na son faɗa amma dole. Rana ta uku ta kira ni gefe, cikin ladabi, ta ce in sake faɗin "people". Na faɗa. Ta ce in ce "fifty". Kai ma ka san inda aka dosa. Mu Hausawa p da f a bakinmu 'yan gida ɗaya ne, haka v da b, "the" kuma ta koma "za". Digirina bai taɓa gaya min ba, don malaman da suka koyar da ni su ma haka suke faɗa. Na koma ɗaki na riƙe fallen takarda a gaban leɓena ina "pin, fin, pan, fan", in takardar ta motsa da ƙarfi na san p ta fito. Wanda muke haya tare ya ɗauka wani wuridi na samo. Babu mai cewa ka koma magana ta hanci kamar ɗan Landan, ni har gobe da an ji ni an san daga inda na fito. Amma ɗalibin da ya koyi "fray" a wurinka maimakon "pray", kai ka cuce shi. A muryar da ka turo min ka ce "afflication" sau uku, na ƙirga.

Inda muka fi su kuwa, ba na jin kunyar faɗa. Saurayin nan mai kofi, in ɗalibi ya tambaye shi bambancin "I ate" da "I have eaten", sai ya ɗaga kafaɗa ya ce haka dai ake faɗa. Ni na sha wuyar wannan ƙa'ida da kaina a aji uku na sakandare, na san daidai inda ƙafa ke zamewa. Baturke kalma ɗaya yake da ita, "o", ta shi da ita da abu, shi ya sa zai ce maka matarsa "he". Da na gaya musu a harshena ko wanda kake magana da shi sai ka bambanta kai da ke, suka riƙe baki, daga ranar kuma suka daina jin kunyar kuskurensu a gabana. Yanzu a wata jami'a nake, sashen shekarar share fage da suke kira hazırlık, inda ɗalibi ke shafe shekara yana Turanci kafin ya shiga injiniyanci ko likitanci. Suna ce min "hocam", wato malamina. Shekara huɗu na yi kafin in taka wannan matsayi, sai da na haɗa digiri na biyu da CELTA da wasiƙun shaida daga wuraren da na yi aiki, yanzu kuma ina fama da DELTA, takardar Cambridge ta gaba da CELTA, mai kashi uku, na gama ɗaya.

Ejan ɗinka maƙaryaci ne, ka gaya masa ni na faɗa. Izinin aiki ba kai kake nema ba, wanda ya ɗauke ka shi yake nema maka, kuma aikin koyarwa sai hukumar ilimi ta fara amincewa. Takardar zama, ikamet, wadda mutanenmu na Saudiyya ke ce wa iƙama, ta yi tsauri sosai. A 2022 unguwanni sama da dubu aka rufe, baƙo ba zai iya rajistar sabon zama a cikinsu ba. Wanda ya shigo yawon buɗe ido ya tsaya yana koyarwa a ɓoye, ranar da aka kama shi sansanin masu jiran kora za a kai shi. Na san waɗanda suka zo da digiri irin naka, yanzu ɗaurin kaya suke yi wa 'yan kasuwa a Laleli suna kwana su shida a ɗaki, in sun ga ɗan sanda su canza hanya.

Kuma kada hoton da nake ɗauka a bakin ruwa ya ruɗe ka. Da na zo dala ɗaya ba ta kai lira huɗu ba, a farkon 2024 ta haura talatin. A Oktoban 2022 hauhawar farashi a hukumance ta wuce kashi 85 cikin ɗari. Albashi da lira ake biya, mai gida kuma duk shekara sai ya ƙwanƙwasa ƙofa. Abin da nake turo wa Inna ba rarar kuɗi ba ce, rigar sanyin da na fasa saya ce.

In har da gaske koyarwar kake so, ba jirgin ba, nemi aji a nan gida ka riƙe shekara biyu, ko na manya masu shirin IELTS ne da yamma, ka karɓi wasiƙar shaida mai hatimi. Ka rubuta IELTS ɗin da kanka ka nemi 8 cikin 9, don ita ce amsarka ga mai tambayar fasfo. Ka tara kuɗin CELTA. Daga nan sai ka nemi aiki kana gida, su turo maka kwantiragi, ka shigo da bizar aiki ta ƙofar gaba.

Kafin nan ga aikin da na ba ka. Tara yara biyar na unguwa, ka jingina waya a taga, ka koyar da su minti goma ka turo min. Ka ƙirga da agogo minti nawa kai ka yi magana, nawa su suka yi, ka rubuto min lambar tare da bidiyon. In Hajiyar gidan su Inna za ta shigo sayayya wata mai zuwa, a ba ta kuka da daddawa, amma a ɗaure daddawar da leda uku, ta bara duk ta bi mata kaya.