Shi JR ɗin nan mai hoto ne ko ɗan fim?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata zanen allunan shaguna, ina kuma ɗaukar bidiyon biki. Na ga hoton wata unguwa a Kenya, an lulluɓe rufin gidajenta da idanun mata, aka ce aikin wani Bafaranshe ne da ake kira JR, wai har fim yana yi. Shi mai hoto ne ko ɗan fim? Kuma tunda mutanen unguwa ne ke taya shi aikin, na wane ne, kuma ta ina yake cin abinci?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duka biyun yake yi, kuma ɗaya ce ta haifi ɗayar. Kayan aikinsa na yau da kullum takarda ce baƙi da fari, sai gam da buroshi, kusan irin na yaran da ke liƙa fostar 'yan siyasa. Ka san rayuwar takarda a bango: rana ta ƙona ta, ruwa ya jiƙa ta, yara su ɓanɓare. Wanda aikinsa ke mutuwa cikin kwanaki dole ya nemi abin da zai riƙe labarin. Ta nan fim ya shigo.

An haife shi a Faris a 1983, ya taso yana rubutu da fenti a bangaye da saman benaye. A 2001 ya tsinci kyamara a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya shiga ɗaukar abokansa yana liƙa hotunan a titi. Inda aikin ya fara nauyi shi ne Les Bosquets, wata unguwar talakawa a Montfermeil, bayan garin Faris. A 2004 ya ɗauki abokinsa Ladj Ly, wanda iyayensa 'yan Mali ne, yana riƙe da kyamarar bidiyo kamar mai saita bindiga. Sai ka matsa kusa kake gane cewa idonka ne ya yanke wa saurayin hukunci tun kafin ka duba abin da ke hannunsa. A watan Oktoba na 2005 tarzoma ta ɓarke a yankin bayan wasu samari biyu sun mutu a tashar wutar lantarki suna gudun 'yan sanda, gidajen talabijin suka riƙa nuna yaran unguwar tamkar dodanni. JR ya koma da gilashin kyamara mai milimita 28. Wannan gilashin ba a cika fuska da shi daga nesa, sai ka zo dab da mutum har kana jin numfashinsa, don haka ba a satar hoto da shi. Samarin da kansu suka riƙa zare ido suna yatsine fuska, suna kwaikwayon dodon da aka mai da su, aka liƙa hotunan a unguwannin masu hali. Shi kuwa Ladj Ly fim ya riƙe, har ya ci kyautar alƙalai a bikin fina-finai na Cannes a 2019.

Hoton da ka gani na Kibera ne, a Nairobi, shekarar 2009, cikin aikin da ya yi kan mata a Saliyo da Laberiya da Kenya da Birazil da Indiya da Kambodiya. A Kibera bai yi amfani da takarda a kan rufi ba. Leda mai kauri aka buga hotunan a kai, aka shimfiɗa a wajen murabba'in mita 2,000, saboda kwanon gidajen na yoyo, idon matar gida ya zama abin da ke tare mata ruwan sama. Akwai wani ɓangaren da nake so ƙwarai. Layin dogo ya ratsa unguwar ta kan tudu. Sai aka liƙa hanci da baki a gangaren da ke ƙarƙashin layin, idanun kuma a jikin taragun jirgi. Duk lokacin da jirgin ya zo wucewa, idanu su hau kan baki, fuska ta cika na 'yan daƙiƙu, sannan ta rabu. Kai mai bidiyo ne, ka san hoto ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan ba. An nuna fim ɗin aikin a Cannes a 2010.

Fim ɗinsa da ya fi shahara shi ne wanda ya fito a 2017, wanda suka yi da Agnès Varda, tsohuwar gwana a harkar, tana da shekara 88 shi yana da 33. Sun zaga ƙauyukan Faransa da mota mai injin buga hoto a ciki, suna ɗaukar manoma da ma'aikatan masana'anta da matan 'yan dakon tashar jirgin ruwa. A wani bakin teku a Normandi sun liƙa hoton wani marigayi abokinta a jikin ginin soja da ya rage tun Yaƙin Duniya na Biyu. Da suka dawo washegari, ruwa ya riga ya wanke shi fes. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar, ita kuma ta rasu a 2019.

Yanzu ga tambayarka mai wuya. Aikin gayya ne, babu shakka. A 2019 mutum 400 ne suka liƙa takardu 2,000 a farfajiyar gidan tarihi na Louvre, kafin a kwana biyu ƙafafun jama'a sun yayyaga su. A shekarar kuma fursunoni a kurkukun Tehachapi na Kalifoniya suka liƙa hotunansu da hannunsu a filin gidan yarin. Amma mai gona ɗaya ne. Ya sha faɗa cewa ba ya yarda tambarin kamfani ya hau kan aikinsa, kuɗin yana fitowa ne daga sayar da hotunan aikin a gidajen baje kolin zane. Wato fuskar matar Kibera ce ake saye a Faris da Landan, sunan da ke ƙasan hoton kuma nasa ne. Wannan yana damuna, kuma masu suka sun daɗe suna faɗarsa. Haka aikinsa na 2007, da ya jera fuskokin Isra'ilawa da Falasɗinawa masu sana'a ɗaya suna dariya a jikin katangar da ta raba su: ya nuna 'yan Adam ne duka, amma bai nuna wanda ya gina katangar ba.

Sai dai a yi masa adalci. A unguwar Morro da Providência ta birnin Riyo a Birazil, inda ya liƙa hotunan mata a 2008, bai tafi ya manta ba, ya taimaka aka buɗe gidan koyar da yara mai suna Casa Amarela. Da ya ci kyautar dala 100,000 ta TED, wata ƙungiyar Amurka mai shirya tarukan jawabai, a 2011, sai ya buɗe shirin Inside Out: ku ɗauki hotunan mutanenku, ku aika, a buga muku manya a maido, ku liƙa da kanku kan saƙon da kuka zaɓa. Jama'a a ƙasashe fiye da 100 sun shiga, mafi yawansu bai taɓa ganinsu ba.

In kana sha'awar gwadawa, ka tuna hoton mutum a bango, musamman na mace, ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu. Ka fara da masu sana'ar layinku, mai faci da mai shayi da tela. Ka nemi yardar kowa da ta mai bangon da ta mai unguwa, ka gaya musu inda bidiyon zai je da wanda zai ci ribarsa in an samu. Ranar liƙawa ka ba wani buroshin, kai ka riƙe kyamara.