Yaudara a Dambe da Lokacin Shiga Gasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne daga Gusau, na fara koyon damben zamani a bara. Ina ganin manyan 'yan dambe a bidiyo suna nuna kamar za su kai naushi sai su fasa, abokin karawarsu ya ruɗe, amma ni duk lokacin da na gwada hakan a wurin atisaye sai in sha naushi a fuska. Ga gasa tana tafe, abokaina suna cewa in shiga, mai horar da ni kuma ya ce da saura. Ina matsalar take, kuma ta yaya zan gane na isa shiga gasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Yaudara ba ta cin mutum sai ya riga ya ɗanɗani naushinka na gaskiya har yana shakkarsa. Idan naushin hannunka na gaba bai taɓa girgiza masa kai ba, don ka motsa kafaɗa babu abin da zai sa ya kare fuska. Zai tsaya ne ya ga ka buɗe, ya aiko maka da nasa. Saboda haka ka fara gyara naushin hannun gaba, ya riƙa fita da sauri a miƙe, ya komo haɓa ta hanyar da ya fita.

Ina kuma zargin cewa motsin da kake yi ya yi girma. Yawancin masu koyo sukan miƙa hannu gaba ɗaya, su saki na baya ya sauka ƙirji, su bar haɓa a fili. Yaudara mai kyau ƙarama ce: ɗan motsin kafaɗa, ko ɗan taka ƙafar gaba, ko ɗan lanƙwasa gwiwa kamar za ka kai wa ciki, alhali nauyin jikinka yana nan daidai tsakanin ƙafafunka. Amfaninta shi ne ta nuna maka ɗabi'ar mutum. Idan ya ɗaga hannaye biyu ya rufe fuska, haƙarƙarinsa ya buɗe. Idan ya kai hannu zai kaɗe naushin da bai zo ba, gefen fuskarsa ya buɗe. Idan kuwa bai motsa ba sam, kamar yadda sababbin shiga da yawa suke yi domin ba su ma lura da ita ba, sai ka daina wahalar da kanka, ka kai masa naushin kai tsaye.

A matsayinka na ɗan Zamfara, na san ka taɓa tsayawa a filin damben gargajiya bayan kaka, ka ga yadda ɗan dambe yake miƙa hannun kariya, ya jijjiga ɗaurarren hannu, ya buga ƙafa har ƙura ta tashi, yana jiran abokin karawa ya zabura. Haƙurin nan abin koyi ne ƙwarai. Sai dai a can hannu ɗaya ake tsoro kuma kisa ɗaya ake nema, wato kayar da abokin karawa ƙasa, a naka damben kuwa hannu biyu ne, alƙalai kuma suna ba da maki a kowane turmi, don haka doguwar tsayuwa ba tare da naushi ba asara ce.

Batun gasa kuwa, ina bayan mai horar da kai, domin ba da yaudara ake auna shiri ba. Wasan manya maza a damben da ba na ƙwararru ba turmi 3 ne, kowanne minti 3, da hutun minti 1 a tsakani, kuma fargabar taro takan cinye numfashin mutum tun kafin a gama turmin farko. Ka tambayi kanka ko kana iya yin fiye da haka a atisaye, da robar haƙora a baki, da mutanen da ba ka saba da salonsu ba, hannayenka ba su sauka ba a turmin ƙarshe. Ka duba ko kana rufe ido ko juya baya idan naushi ya same ka, da kuma ko kana jin muryar mai horarwa a tsakiyar bugu har ka aikata abin da ya faɗa. Wanda yake juya baya, alƙalin wasa zai gargaɗe shi, in kuma ya ga naushi ya jigata shi yana iya ƙirga masa 8 yana tsaye, ko ya tsayar da wasan.

Kada ka raina gwajin likita da awon nauyi, kuma kada ka hana kanka ruwa a zafin Gusau don ka faɗa rukunin da ba naka ba. Wanda aka sumar da naushin kai, ƙa'ida ta hana shi dambe har na atisaye na aƙalla kwana 30. Ka je wurin mai horar da kai cikin ladabi, ka roƙe shi ya faɗa maka abin da ya rage ɗaya bayan ɗaya, kuma in lokacin ya yi, ya nema maka abokin karawa wanda nauyinku da yawan wasanninku suka yi kusa.