Yadda za ka cika fayil da bayit iri ɗaya

Malam, ka ce kana son fayil na 1G (gigabayit ɗaya) cike da 0xFF (wato bayit mai lamba 255) don gwada filashin da ka sayo a Farm Centre, amma /dev/zero, fayil na musamman a Linux, sifili kawai yake ba ka. To, juya sifilin za ka yi:

head -c 1G /dev/zero | tr '\0' '\377' > gwaji.bin

Lura fa, tr, umarnin da ke musanya bayit da wani, lissafin tushe takwas yake ganewa, 377 ɗin shi ne 255. In haruffa kake so, yi amfani da yes ABCD, wanda ke maimaita su ba tsayawa, sai dai yana ƙara sabon layi, cire shi da tr -d '\n', sannan ka iyakance girman da head -c 1G. Kada ka yarda da umarnin truncate, fanko yake yi: fayil mai girman da ka nema amma ba a rubuta komai a ciki ba. Duba aikinka da xxd, umarnin da ke nuna bayit ɗin da ke cikin fayil. In kuwa ka kuskure ka rubuta kan /dev/sdb (wato kan filashin kansa, in sunan da Linux ya ba shi ke nan) maimakon gwaji.bin, zare filashin, kai wa masu ceto bayanai.