Tutar abokin karawa da ƙarfinsa a wasan ces na intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kusa shekara ina buga ces a Lichess, makina yana kai-komo wajen 1400. Da na ga tutar Indiya ko Rasha a gefen sunan abokin karawa sai gabana ya faɗi, kuma kamar su suka fi cinye ni. Da gaske mutanen wasu ƙasashe sun fi ƙarfi? Kuma kowace ƙasa tana da buɗin wasan da ta fi so, don in shirya mata? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, kwantar da hankalinka. Ba'indiye mai maki 1400 da Bazazzagi mai maki 1400 tsararrakin juna ne, aikin makin ke nan. Lichess tana lissafi da tsarin Glicko-2, tana haɗa ka da wanda makinsa ya yi kusa da naka, ba ruwanta da inda yake zaune. Tutar ma mutum ne yake zaɓar abarsa, babu mai tambayar sa fasfo. Har tutar 'yan fashin teku akwai a cikin jerin.

A saman tsani kam akwai bambanci, ba a musu. Indiya ta samu babban gwaninta na farko, wato Grandmaster, Viswanathan Anand, a 1988. A 2024 ta lashe gasar ƙasashe ta duniya a Budapest, maza da mata, sannan a Disambar shekarar Gukesh ya karɓe kambun duniya daga Ding Liren yana ɗan shekara 18. Armeniya, mai mutum kusan miliyan 3, ta ci wannan gasa a 2006 da 2008 da 2012, kuma tun 2011 ces darasi ne na dole a firamarensu. Nan Afirka sai a 2017 Bassem Amin, likita daga Masar, ya fara haye maki 2700 a lissafin hukumar ces ta duniya. Ba jini ba ne. Makarantu ne, da masu horarwa, da gasa a kai a kai, da kuɗin tafiya. To amma waɗannan gwanaye suna can sama, kai da su ba za ku haɗu ba sai ka hau.

Me ya sa kake ganin su suke cinye ka? Yawa ne da su, kullum sai ka gamu da su, kuma zuciya ta fi riƙe kaye fiye da nasara. Buɗe tarihin wasanninka ka ƙirga, ina zaton za ka tarar kusan kunnen doki ne. Abu biyu dai na yarda da su. Yaron da ake horarwa a makaranta ƙarfinsa yana riga makinsa gudu, musamman idan ka ga alamar tambaya a jikin makin, wato makin bai zauna ba tukuna, galibi asusun sabo ne. Na biyu, a wasan minti ɗaya mai sabis mai kyau yana da riba a kan wanda data ke masa gardama. Ni kaina na sha zubar da wasan da na riga na ci saboda an ɗauke wuta. Buga na minti 10 ka ga bambanci.

Batun buɗi, wato takun farko-farko na wasa, sunaye ne suke ruɗar mutane. Kariyar Faransa ta samu sunanta daga wasan da Landan da Paris suka yi ta wasiƙa a 1834. Kariyoyin Indiya ana danganta su da Moheschunder Bannerjee, wani ɗan Kalkata na tsakiyar ƙarni na 19. Tsarin Landan daga gasar 1922 ne. Tarihi ne kawai, ba dole ne Bafaranshen yau ya tura soja gidan e6 ba, takun da ake fara Kariyar Faransa da shi.

Abin da yake juya zaɓin buɗi yanzu shi ne matakin ɗan wasa da malamin da yake kallo a YouTube. A cikin malaman nan, Levy Rozman ya yayata kariyar Caro-Kann, Eric Rosen ya yayata tarkon Stafford, sai ga yaro a Chennai da yaro a Legas suna tura soja iri ɗaya. A matakinka abin da za ka fi gani shi ne e4 da e5, buɗin Italiya, tsarin Landan, da masu fito da sarauniya h5 tun taku na biyu suna neman f7.

Don haka shiga allon nazari na Lichess, danna alamar littafi, ka ware wasannin masu maki 1400 da 1600 a irin lokacin da kake bugawa. Ƙasa ma ba ta cikin abubuwan da ake warewa. In an kawo maka Stafford, kana riƙe da farare, bayan ka ci dokin c6 abokin karawa ya rama, tura d3, ka sa bishof a e2, sannan c3 da d4, kada ka yi gaggawar kai sarki ɓangaren h.