Likita Ya Amsa: Yaushe Ake Tona Sirrin Majiyyaci Don Kare Wani?

Tambaya: Likita, ina fama da zafin zuciya. Idan mun yi cacar baki da abokin kasuwancina sai in ji kamar in illata shi. Ina son ganin likitan ƙwaƙwalwa, amma ina tsoron ya haɗa ni da 'yan sanda. (Daga Zariya)

Amsa: Malam, ka je, kada tsoro ya hana ka. Abin da ka faɗa wa likita amana ce, doka ma haka ta ɗauke shi. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana fitar da bayanin majiyyaci sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko buƙatar iyaye ko mai kula idan yaro ne ko wanda ba zai iya ba da izini ba, ko kuma idan yin shiru zai zama babbar barazana ga lafiyar jama'a. "Na ji kamar in illata shi" bai kai nan ba.

Likita zai tambaye ka kai tsaye: wa kake nufi? Ka tsara rana ko wuri? Ka tanadi makami? Ka taɓa ji wa wani rauni? Kana shan giya, wiwi, tramol ko kodin? Kana jin wata murya tana ba ka umarni? Cikin waɗannan, wanda ya fi nuna haɗari shi ne an taɓa aikatawa a baya, sai shaye-shaye. Wanda tunanin ke firgita shi har yake neman magani, kamar kai, daban yake da wanda ya ƙulla niyya yana jiran dama.

Tambaya: Ni ɗalibar aikin jinya ce. Mece ce shari'ar Tarasoff, kuma hukuncinta ya hau kanmu? (Daga Sakkwato)

Amsa: 'Yata, a jihar Kalifoniya ta Amurka abin ya faru. A watan Agustan 1969 wani ɗalibin jami'a a garin Bakali (Berkeley), Prosenjit Poddar, ya gaya wa masanin halayyar ɗan Adam da ke duba shi cewa zai kashe wata yarinya. Ko da bai ambaci sunanta ba, ana iya gane Tatiana Tarasoff yake nufi. Masanin bai yi shiru ba, ya sanar da 'yan sandan jami'a. Suka tsare Poddar na ɗan lokaci, suka ga kamar yana cikin hayyacinsa, ya yi alkawarin ba zai kusance ta ba, suka sake shi. Ya daina zuwa asibiti, kuma ba wanda ya gaya wa yarinyar ko iyayenta. Ranar 27 ga Oktoba 1969 ya kashe ta.

Iyayenta suka kai ƙara. A 1974 Kotun Ƙolin jihar ta ce wajibi ne mai duba majiyyaci ya gargaɗi wanda ake hari. Da ta sake sauraron shari'ar a 1976 sai ta faɗaɗa hukuncin: wajibin shi ne a kare mutumin, gargaɗi hanya ɗaya ce kawai. Wannan bambancin ki riƙe shi da kyau, domin a nan mutane ke kuskure. Karewa na iya zama ƙara yawan ganin majiyyaci, gyara magani, raba shi da makami ta hannun danginsa, kwantar da shi a asibiti, sanar da hukuma, ko gaya wa wanda ake hari. A ganina babban darasin shi ne bibiya: an yi rahoto sau ɗaya, aka zauna, majiyyacin ya ɓace ba a neme shi ba.

Hukuncin bai ɗaure kotunan Najeriya ba. Ko a Amurka jihohi sun sha bamban. Kotun Ƙolin Tekzas ta ƙi ɗora wannan wajibin a 1999. Amma a aikace tsarin ɗaya ne. Idan majiyyaci ya yi barazana mai tsanani ga wani da za a iya ganewa, ki rubuta kalamansa yadda ya furta su, da rana da lokaci, ki sanar da babban likita nan take, ba gobe ba. Idan an yanke shawarar fitar da bayani, a faɗi iya abin da zai kare rai kawai, ga wanda zai iya karewar. Sunan cutarsa da tarihin iyalinsa ba sa ciki. In babu haɗari a yin haka, a gaya wa majiyyacin abin da za a yi.

Tambaya: Mijina yana karɓar magani a asibitin ƙwaƙwalwa amma ya daina sha. Yanzu yana zargina da cin amanarsa ba dalili, yana kwana da wuƙa ƙarƙashin matashi. Na je wurin likitansa, aka ce sirri ne. (Daga Kano)

Amsa: Baiwar Allah, lamarinki na gaggawa ne. Zargi irin wannan da hujja ba ta kawar da shi, ga barin magani, ga makami, alamu ne da ba a wasa da su. Yau ki kwashi yara ki koma gidanku ko wurin wani amintacce. Kada ki yi gardama da shi kan zargin, kada ki rantse masa ki sake rantsewa, domin musu ƙara masa tabbaci yake. Kada kuma ki yi ƙoƙarin ƙwace wuƙar da kanki.

Sirri ya hana likita ya ba ki labarin mijinki, bai hana shi sauraronki ba. Ki rubuta a takarda: ranar da ya daina shan magani, abin da ya ce, makamin, rashin barci, ko yana shan wani abu. Ki miƙa wa likitan, ki nemi a sa a fayil ɗinsa. Sannan 'yan'uwansa maza biyu ko uku waɗanda yake jin maganarsu su kai shi sashen gaggawa, ba ke ba. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba da damar kwantar da mutum ko bai yarda ba idan akwai babban haɗari gare shi ko ga wasu, bisa sharuɗɗa. Ɗaure shi da mari a gida ba magani ba ne. Idan ya zare makami, a kira 112 ko ofishin 'yan sanda mafi kusa, a faɗa musu tun farko cewa mara lafiya ne.