Tambayi Mai Gyara: Kafin ka sayi sabon shokozoba, taɓa tayarka

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Na sayi keken hawan dutse na gwanjo, irin mai shokozoba a gaba kaɗai, baya babu. Ranar Asabar nakan bi abokaina zuwa duwatsun Shere. Hawa ba na kuka da shi, amma a gangara sai ya riƙa tsalle da ni kamar ɗan akuya, hannuwana su yi tsami, birki kuma yana ta ihu. Na tara ɗan kuɗi, abokaina sun ce in sayi shokozoba mai iska. Haka ne? Daga ɗanka a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ban ga kekenka ba, amma ina kyautata zaton mai faci ne ke ba ka iska, shi kuwa sai ya ɗura har taya ta yi tauri kamar dutse, psi 50 ko fiye a ma'aunin iskar taya, don haka ya saba da kekunan ɗaukar buhu. Irin kekenka ba shi da abin da ke shanye duka a baya sai taya da gwiwoyinka. Ka cika ta tam, duk dutsen da ta taka a ƙugunka zai sauka. Nemi famfo mai agogo. In nauyinka bai wuce kilo 70 ba, faɗin tayar kuma inci 2.3 ne mai tiyub, fara da 28 a baya, 25 a gaba. Kar ka yi ƙasa da haka sosai, don rim zai datse tiyub a kan dutse, ka ga huji biyu a jere kamar saran maciji.

In kuwa kuɗin na cin ka a aljihu, to a taya za ka fara kashe su. Sayi masu zane manya waɗanda ake hawa ba tiyub, a naɗe rim da tef ɗinsa, a sa bawul, a zuba ruwan gam ɗin nan mai toshe huji da kansa. Da haka za ka iya sauka zuwa 22 a gaba, 25 a baya, ƙaya kuma ta daina tsayar da kai a daji. Sai dai ruwan yana bushewa, musamman da zafi, don haka ka riƙa dubawa duk bayan wata biyu ko uku. Ni dai ban san wani gyara da ke canza halin keke kamar wannan ba.

Sai shokozoban. Duba saman ƙafarsa ta hagu. In ka ga murfi mai bawul a ƙasansa, to mai iska ne dama, saiti kawai yake nema. Ɗaura siririyar igiyar roba a sandar da ke shige da fice, ka hau da kayan da kake hawa da su, ka miƙe a kan feda, wani ya riƙe maka kan keken, sannan ka sauka a hankali ka auna inda igiyar ta tsaya. Ana so nauyinka ya cinye kamar kashi 20 cikin 100 na tafiyarsa (iya nisan da yake iya nutsewa), wato milimita 24 a mai tafiyar 120. Da ƙaramin famfonsa na musamman ake ƙara iskar, ba da injin mai faci ba. A gindin ƙafar dama kuma akwai ɗan maɓalli, galibi ja, shi ke saita saurin dawowarsa bayan ya nutse. In ya yi sauri da yawa, shi ne tsallen akuyar da kake faɗa. Murɗa shi ɗaya-ɗaya kana gwadawa a gangara guda.

In kuma mai sifirin ne irin SR Suntour XCT da ke zuwa da yawancin masu araha, babu abin saitawa sai taurin sifirin ɗin, a nan abokanka suna da gaskiya, amma bayan taya. Kuma ka auna kafin ka biya. Bara wani yaro ya zo min da sabo fil, murna kamar ya yi fiffike, ashe wuyansa, wato bututun da ke shiga cikin firam, mai faɗi ne a ƙasa, inci 1.5, firam ɗinsa kuwa tsohon yayi ne mai ramin inci 1 da 1/8 sama da ƙasa. Ko shiga bai yi ba. Har yau yana rataye a shagona muna neman mai saye. Duba wuya, duba girman wili (26, 27.5 ko 29), duba sandar tsakiyar wili: siririya ce ta milimita 9 mai maƙulli, ko mai kauri ta 15, faɗin 100 ko 110. Kar kuma ka ƙara tafiya fiye da milimita 20 a kan wadda keken ya zo da ita, don gaban zai ɗaga, wuyan firam ya ɗauki nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Ihun birki kuwa, yawanci mai ne ya taɓa faifan. Goge shi da sifirit, ka canza fatar birkin in ta sha mai, sannan ka yi gudu ka taka birki da ƙarfi ba tare da tsayawa cak ba, sau ashirin, don su saba da juna. Abu ɗaya nake roƙonka: in birkin na kamfanin Shimano ne, man ma'adinai yake sha, kar wani ya zuba maka man birkin mota, zai kumbura robobin ciki. Yawancin birkin kamfanin SRAM na da ne ke shan DOT, wato irin man birkin mota.

Tambaya: Malam, keke na mai faranti uku ne a gaba, sarƙa na yawan faɗuwa in na bi gargada. In mayar da shi mai faranti ɗaya? Kuma wane mai ya dace da hunturu? Daga wata mai karatu a Abuja.

Amsa: Malama, kina iya mayarwa. Ki nemi farantin da haƙoransa ke zuwa ɗaya mai kauri ɗaya siriri, mai haƙora 30 ko 32, da mai canza giya na baya wanda ke da kulocin danne sarƙa. Shimano Deore mai giya 11, haƙora 11 zuwa 51, zai hau wilinki na yanzu in faifan giyarki irin wanda ake zurawa a ɗaure da zobe ne. Mai giya 12 da ke farawa da haƙora 10 kuwa sai an canza cibiyar wili, kuɗin ya ninka.

Batun mai, bakin man inji da ƙurar hunturu in sun haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa, cikin 'yan makonni za su cinye sarƙar. Ki sa mai marar danƙo, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ki goge na waje da tsumma har ya bushe. Ki sa a riƙa auna miki sarƙar da ma'auninta, da ta miƙe ta kai kashi 0.5 cikin 100 ki canza ta kafin ta ci haƙoran baya.